Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin 'yan sanda: ina sunayen waɗanda aka kashe a bakin aiki tun tuni?

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe. Gaisuwa da fatan alheri ga manyan 'yan sanda, da masu kula da ɗaukar aiki da ƙarin girma, da 'yan majalisar da ke zama a kwamitocin harkokin 'yan sanda. Allah ya taya ku riƙo, ya tsare yaranku da ke kan titi da waɗanda ke cikin daji.

Ina rubuto wannan takarda ne a madadin mata da 'ya'ya da jikokin 'yan sandan da aka kashe suna bakin aiki shekara talatin, arba'in, hamsin da suka wuce, wasu ma fiye da haka. Ni jika ne, kakana na wajen uba kofur ne, an kashe shi tun mahaifina bai gama firamare ba. Ba ƙungiya gare mu ba, babu shugaba babu sakatare babu hatimi, mutane ne kawai da muka riƙa cin karo da juna a barandar ofisoshi, kowa riƙe da tsohuwar takarda cikin leda, in aka gaisa aka tambayi abin da ya kawo ka sai a tarar ciwon ɗaya ne. Saboda haka kada ku nemi sunan ƙungiya a ƙasan takardar nan, ku dai duba abin da ke cikinta.

Mun ji daɗi da aka ware 7 ga Afrilu a matsayin ranar 'yan sanda a Najeriya, a 2024 aka sanar, aka fara yin ta a 2025. Sojoji sun daɗe suna da tasu ranar tunawa ta 15 ga Janairu, to ga 'yan sanda ma an tuna da su, madalla. Amma yallaɓai abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk taron 'yan sandan da aka yi sai an ce a yi shiru na minti ɗaya don tunawa da jaruman da suka kwanta dama, a yi shirun, a busa ƙaho, a koma kan jawabi. Su waye jaruman? Sunansu wa? A ina aka kashe su, yaushe, suna aikin me? Ina littafin da ni talaka zan buɗe in ga sunan kakana da lambar aikinsa? In akwai shi to a kulle yake, mu dai ba a taɓa nuna mana ba.

Bari in fara da maganar sunan nan tunda ita ce ta fi ci mana rai. Ku tare duk wani dattijo da ya yi wayo a shekarun 1980 ku ce masa wane ne Anini, nan take zai zayyana muku, Lawrence Anini ɗan fashin da ya addabi Benin da tsohuwar jihar Bendel a 1986, har Janar Babangida ya tambayi Sufeto Janar na lokacin ina Anini yake, aka kama shi a ƙarshen shekarar, aka bindige shi a watan Maris na 1987. Zai ma iya gaya muku sunan na hannun damansa, Monday Osunbor. To ku ce ya kawo sunan ɗan sanda ɗaya tak cikin waɗanda gungun Anini suka harbe, a shingen bincike ko a caji ofis. Shiru za ku ji. Sunan ɗan sandan da mutane suka riƙe a labarin nan kaf shi ne George Iyamu, babban jami'in da aka samu da laifin ba 'yan fashin makami da bayanai, aka bindige shi shi ma. Wato maci amana ya shiga tarihi, masu riƙon amana sun ɓace. Wannan ba laifin jama'a ba ne, jama'a abin da aka maimaita musu suke riƙewa, kuma wanda ya kamata ya riƙa maimaita sunayen nan rundunar da suka mutu dominta ce.

Haka rikicin Maitatsine na Kano a Disambar 1980. Kwamitin mai shari'a Aniagolu ya ce mutum 4,177 suka mutu, kuma 'yan sanda ne aka fara turawa kafin a kira soja, an kashe su a wajen, an sake kashe wasu a Bulumkutu a 1982, da Jimeta a 1984. Yaran da iyayensu suka mutu a waɗannan wurare yanzu su ma sun yi furfura. Sunan Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, yana cikin littattafan makaranta, ana rubuta digiri a kansa, amma kurtun da aka ba kulki da garkuwa aka ce ya shiga lungu, shi lissafi ne kawai, wani lokacin ko lissafin ma ba a ware masa ba, an cuɗe shi cikin jimilla.

Garin Odi na jihar Bayelsa ma haka. Kowa ya san abin da soja suka yi wa garin a Nuwambar 1999, kuma ya kamata a sani, ta'asa ce. Amma kafin nan an kashe 'yan sanda 12 a yankin, su ne aka kafa hujja da su aka tura soja. An yi amfani da gawarsu wajen fakewa, daga nan aka manta da su. Su ma suna da iyaye da mata. Alakyo kuwa a jihar Nasarawa, Mayun 2013, jiya-jiya ke nan in aka kwatanta da namu, an yi wa ayarin jami'ai kwanton ɓauna aka kashe sama da 60, 'yan sanda da jami'an DSS, kuma tun yanzu an fara mantawa. Mu da muka riga su shiga wannan hali mun san yadda abin ke tafiya, shekarar farko ana zuwa ta'aziyya da kyamara, ta biyar sai iyali kawai, ta ashirin ko ofishin da ya tura su bai san an yi su ba.

Ba mu kaɗai ke da halin ɗaukaka mai kisa ba, kada a ce na ce. A Ostireliya ɗan fashin nan Ned Kelly ya zama gwarzo a bakin mutane da yawa, alhali shi da gungunsa sun kashe 'yan sanda uku a Stringybark Creek a 1878. Bambancin shi ne can an kafa wa mutum ukun nan, Kennedy da Scanlan da Lonigan, dutsen tunawa a garin Mansfield tun 1880, yana nan tsaye, duk mai yabon Kelly sai ya wuce ta gabansa.

Abu na biyu shi ne takardu. Wallahi yallaɓai wannan ita ce ta fi gaggawa, don suna in ba a rubuta shi yau ba ana iya rubutawa gobe, amma takardar da gara ta ci ta ciyu ke nan. Na taɓa zuwa wani ofishi neman fayil ɗin kakana, ma'aikacin da na tarar mutumin kirki ne, bai nemi komai a hannuna ba, ya ɗauko makulli ya buɗe min wani ɗaki a baya. Fayiloli ne jibge tun daga ƙasa har kusan silin, an ɗaɗɗaure da igiya, na ƙasa sun sha ruwa sun manne sun zama kamar bulo, in ka ja guda sai bangon ya biyo hannunka cikin ya tsaya. Ya ce min in na san lambar aikinsa wataƙila a dace, in ban sani ba sai dai haƙuri. Lambar kuwa muna da ita ne kawai saboda kakata ta ajiye wani hoto da ya ɗauka sanye da kaki, lambar na maƙale a ƙirjinsa, sai da muka kai hoton aka ƙara masa girma kafin ta karantu. Fayil dai ba a gan shi ba. Abin da ya tsaya min a rai ba namu kaɗai ba ne, ɗakin nan cike yake da kakannin wasu.

Kuma ku tuna akwai waɗanda tun asali fayil ɗinsu ba a hannunku ya fara ba. Rundunar 'yan sandan Najeriya a 1930 aka haɗa ta daga ta Arewa da ta Kudu, amma a gefenta akwai 'yan doka na En'e, wato hukumomin gargajiya, da 'yan sandan ƙananan hukumomi, waɗanda sai a zamanin Gowon aka narkar da su cikin ta tarayya. Ɗan dokan da ɓarayin shanu suka kashe a 1950 da wani abu, ko aka sare shi wajen raba rikicin gona, takardarsa in tana raye tana cikin tarkacen En'e ne, ko a taskar takardun ƙasa da ke Kaduna, ko ta Ibadan ko Enugu, ko cikin tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo. Babu wanda aka ɗora wa alhakin ya je ya tsinto su. Mutanen nan doka suke karewa, an ba su kaki an ba su albashi an tura su sun mutu, don an canza tsarin mulki ba zai sa jininsu ya zama na banza ba.

Illar rashin takarda ba a tarihi kaɗai ta tsaya ba, tana shiga har cikin tukunyar gida, wanda shi ne abu na uku. Matar da aka kashe mijinta, abu na farko da ake tambayarta shi ne sigina, wato saƙon da aka aika na sanar da mutuwarsa, sai takardar ɗaukar aiki, sai ta ƙarin girma ta ƙarshe, sai takardar asibiti, sai ta kotu da ke nuna ita ce magajiya. Yawancin takardun nan a ofis suke ba a gida ba, ofis ne ya ɓatar, amma ita ake cewa ta kawo. Mace mai takaba da yara biyar, wadda wataƙila ko karatun boko ba ta yi ba, za a ce ta tafi hedikwata, daga can a ce ta koma inda ya yi aiki na ƙarshe, can kuma a ce ogan da ya san maganar an yi masa canji, kafin ta ankara an kawo takardar tashi daga bariki saboda wani yana jiran ɗakin. Da yawa a nan suke sarewa su ce sun bar wa Allah. Kakata tana cikin waɗanda suka bari, ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta, mahaifina ya bar makaranta ya kama koyon sana'a, kuma har ya rasu in aka yi maganar aikin ɗan sanda sai ya tashi daga wurin.

Na san yanzu akwai gyara a doka. Dokar fansho ta 2004, da wadda ta maye gurbinta a 2014, sun wajabta inshorar rai ga ma'aikaci da ba za ta gaza ninki uku na abin da yake samu a shekara ba, kuma muna ganin ana raba cek ga iyalai lokaci-lokaci, Allah ya ƙara. An kafa asusun tallafa wa 'yan sanda a 2019, an yi sabuwar dokar 'yan sanda a 2020. Duka da kyau. Amma wanda aka kashe a 1980 ko 1994 bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, yana ƙarƙashin tsohon tsari ne, kuma tsohon tsarin nan kowa ya san abin da aka yi masa. A 2013 kotu ta samu wani babban jami'i na ofishin fanshon 'yan sanda, John Yakubu Yusuf, da laifi a badaƙalar biliyoyin naira, aka yanke masa shekara biyu ko ya biya tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida, sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta sauya hukuncin. Kuɗin da aka wawure ɗin nan ba daga sama suka faɗo ba, na tsofaffin sajan-sajan ne da na zawarawan da aka yi ta ce wa su dawo wata mai zuwa. Shin an taɓa zama an lissafa iyalai nawa ne haƙƙinsu ya maƙale a wancan lokacin, aka bi su gida aka biya? Mu dai cikinmu babu wanda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Sai maganar shari'a. A doka laifin kisan kai ba ya tsufa, amma a aikace fayil ɗin ɗan sandan da aka kashe yana mutuwa da zarar an sauya DPO. Abin mamaki ne ace rundunar da aikinta bincike ne ba ta da wani tebur guda da aka ce aikinsa bin diddigin waɗanda suka kashe nata. Ku dubi Yvonne Fletcher, 'yar sanda mai shekara 25 da aka harbe daga cikin ofishin jakadancin Libiya a Landan ranar 17 ga Afrilun 1984. Ba a taɓa hukunta kowa a kotun laifi ba, amma abokin aikinta John Murray, wanda yana wajen lokacin da ta faɗi, bai saki maganar ba, sai da ya kai ƙara da kansa, a Nuwambar 2021 babbar kotu ta ce wani tsohon jami'in gwamnatin Gaddafi yana da hannu a kisan. Shekara 37. Diyyar da ya nema fam ɗaya ce tak, don ba kuɗi yake nema ba, so yake a rubuta a takardar kotu cewa ga abin da ya faru. Mu ma yawancinmu abin da muke so ke nan. Mun san waɗanda suka kashe kakanninmu galibi sun mutu, ba ramuwa muke nema ba, amma a gaya mana an kama wani ko ba a kama ba, an kai kotu ko an sake shi, umarnin wa ya bi ya je wajen, shi kaɗai aka tura ko da rakiya. Akwai iyalan da ko kabarin mamacinsu ba su sani ba, an dai aiko da kaya a buhu an ce ya rasu.

To nasan abin da wasu masu karatu ke faɗa a ransu tun daga farkon takardar nan, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za su ce 'yan sandan da suka kashe mutane fa? Su waye za su rubuta sunan waɗanda 'yan sanda suka harbe? Gaskiya ne. 'Yan sandan mulkin mallaka ne suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley ta Enugu a Nuwambar 1949. 'Yan sanda ne suka kashe matasa shida na Apo a Abuja a 2005, sai 2017 aka yanke hukunci. Abin da ya fito da matasa kan titi a zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 ba ƙage ba ne, kuma a ƙarshen wannan tarzoma Sufeto Janar na lokacin ya ce an kashe 'yan sanda 22, su ma an bar su cikin lissafi. Ni ba zan ce duk wanda ya sa kaki waliyyi ne ba, kuma ba na neman a gina bango a wanke kowa da kowa. Abin da nake cewa shi ne rajista ta gaskiya tana taimakon ɓangarorin biyu. In aka rubuta cewa kofur wane ya mutu yana kare fasinjoji daga 'yan fashi, sajan wane kuma ya mutu a wani samame da bai kamata a yi ba, wanda babba ya bayar da umarni daga ofis, to an yi wa mamatan adalci an kuma nuna inda laifi yake. Ɓoyewa babu wanda take karewa sai masu bayar da umarni.

Kuma ƙin jinin 'yan sanda ba yau aka fara ba, ba kuma a ƙasa ɗaya ba. An kafa 'yan sandan birnin Landan a 1829, a 1833 aka daɓa wa wani kurtu mai suna Robert Culley wuƙa a wajen wani gangami a Coldbath Fields, masu taya alƙalin bincike yanke hukunci suka ce kisan halal ne saboda yadda 'yan sanda suka far wa taron, jama'a suka yi ta yi musu tafi, sai daga baya babbar kotu ta soke hukuncin. Yau sunan Culley yana cikin jerin sunayen 'yan sandan Birtaniya da suka mutu a bakin aiki, kuma labarin yadda abokan aikinsa suka yi wa mutane dukan kawo wuƙa a ranar shi ma yana rubuce, ba a goge ko ɗaya don ɗayan ba.

Aikin nan da nake roƙo ba wani abu ne da ya gagari 'yan Adam ba. A Washington akwai bangon tunawa da aka buɗe a 1991, sunayen da ke jiki sun haura 23,000, mafi tsufa ya koma har 1786. Abin da ya fi burge ni shi ne duk watan Mayu in za a ƙara sunaye, ba na waɗanda suka mutu bara kaɗai ake ƙarawa ba, har da waɗanda masu bincike suka tono daga tsofaffin jaridu da takardun kotu, mutum ya mutu shekara ɗari da wani abu amma sai yanzu aka gano shi, a sassaƙa sunansa a karanta shi da ƙarfi a gaban jama'a. Ranar 15 ga Mayu da suke tunawa da su Shugaba Kennedy ne ya sa mata hannu tun 1962. Babbar rajistar intanet ta irin waɗannan mamata a Amurka kuwa wani ɗalibin jami'a ne mai suna Chris Cosgriff ya fara ta a 1996, ba gwamnati ba. Indiya ta ɗauki 21 ga Oktoba saboda 'yan sandanta 10 da sojojin Sin suka kashe a Ladakh a 1959, kuma bangon da suka buɗe a Delhi a 2018 yana ɗauke da sunaye sama da 34,000. Indiya fa, da yawan jama'arta da tarin jihohinta da matsalolinta irin namu. Birtaniya kuma a 2024 ta fito da wata lambar girmamawa mai sunan Sarauniya Elizabeth da ake ba iyalan ma'aikatan da suka mutu a bakin aiki, aka ce ta shafi duk wanda ya mutu tun daga 1948, kuma cikin waɗanda suka matsa har aka yi akwai mahaifin wata 'yar sanda da aka kashe a Manchester a 2012. Wato sun yarda cewa bashin tsofaffin mamata ma bashi ne.

Kada ku ɗauka maganar matattu ce kawai. Kurtun da ke tsaye a shinge da daddare yana da ido, a bariki ya tashi ko yana zaune, ya ga yadda aka fitar da kayan matar maƙwabcinsa, ya ga 'ya'yan sajan wane suna talla. In aka ce masa ga 'yan bindiga can ku bi su, lissafin da yake yi a ransa ke nan, kuma wanda ya tabbata za a watsar da iyalinsa ba zai tsaya ba, ko kuma zai ce bari in tara abin da zan tara tun ina raye. Ba ina kare karɓar na goro ba ne, haram ne kuma zalunci ne, amma wanda ke son ya gyara rundunar ya kamata ya san inda wani sashe na ɓarnar ke samo ruwa.

Ga abin da muke roƙo, kuma mun auna ba mu nemi abin da ya fi ƙarfinku ba.

A buɗe rajista guda ta duk ɗan sandan da aka kashe ko ya mutu a bakin aiki, tun daga 1930, har da 'yan doka, suna da muƙami da lambar aiki da rana da wuri da taƙaitaccen bayanin abin da ya faru. A sa ta inda kowa zai gani kyauta, a kuma buga ta a takarda a ajiye a kowace hedikwatar jiha saboda waɗanda ba sa hawa intanet. Ba sai ta cika za a fitar ba, a fara da abin da ke hannu, a bar ƙofa iyali su kawo nasu da hujjar da suke da ita, ko hoto ne ko yankin jarida ko shaidar tsofaffin abokan aiki, kwamiti ya tantance. In kuka jira sai ta cika ba za a taɓa fitarwa ba.

A ceto takardun da suka rage tun kafin damina ta gaba. A ɗauki hotonsu a zuba a kwamfuta, a haɗa kai da taskar takardun ƙasa da sassan tarihi na jami'o'i, ɗalibai suna nan suna neman abin da za su yi bincike a kai, ga kuma ɗaliban makarantar 'yan sanda ta Wudil da kwalejojin Kaduna da Ikeja, babu darasin da ya fi musu wannan. Kuma daga yau ya zama doka cewa fayil ɗin wanda ya mutu a bakin aiki ba a jefa shi ɗakin baya.

A buɗe tebur na musamman na tsofaffin haƙƙoƙi, kuma nauyin kawo takarda ya koma kan ofis. In rundunar ta yarda mutum ma'aikacinta ne kuma a bakin aiki ya mutu, to ita za ta nemo sigina ba tsohuwa mai shekara saba'in ba. Wanda aka biya a nuna shaidar an biya da wanda ya karɓa, don akwai gidajen da takarda ta ce an biya su amma ko sisi bai iso ba. A fara da zawarawan da ke raye, su ba su da lokacin jira.

Kowane iyali a ba su takarda a rubuce mai hatimi da ke bayanin yadda mamacinsu ya mutu da inda aka binne shi da inda shari'ar ta tsaya, ko da amsar ita ce ba a kama kowa ba. Kowane caji ofis kuma a maƙala allo a bakin ƙofa da sunayen waɗanda suka fita daga nan ba su dawo ba, ba sai na marmara ba, kuma don Allah kada a mayar da shi kwangila. Ranar 7 ga Afrilu in ta zagayo, kafin a yi shirun minti ɗayan nan, a kira sunayen a gayyaci iyalansu su ji.

Sannan wanda ya fi kowanne saurin kuɓucewa, a tura mutane da na'urar naɗar murya wajen tsofaffin 'yan sandan da suka yi ritaya. Abin da muka sani game da ranar da aka kashe kakana daga bakin wani tsohon sajan muka ji shi, yana kwance ba ya ko iya tashi, amma ya tuna su nawa aka tura, ya tuna motar da ta lalace a hanya, ya tuna wanda ya ɗauko gawar a kafaɗa, ya kuma kira sunan wasu mutum biyu da suka mutu tare da shi waɗanda har yau ba mu gano iyalansu ba. Sajan ɗin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Waɗanda suka ga Kano a 1980 da idonsu suna kaki, mafi ƙanƙantarsu yanzu ya haura sittin, a ƙungiyoyin 'yan fansho za ku same su, kuma a shirye suke su yi magana in an tambaye su.

Muna jiran amsarku a rubuce. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku,
Jikan wani kofur, a madadin iyalan da ke jira.